Jan farce ko lalle: yadda mace za ta zaɓa gwargwadon aikin hannunta a Damagaram

Duk wadda ta taɓa zama a tabarmar biki a Damagaram ta san cewa idon mata ba ya tsayawa a kan zane da ɗankwali. Da zarar an ajiye kwanon shinkafa, mata biyar ko shida sun miƙa hannu tare, sai a shiga wani karatu da ba a furta shi da baki. Ga hannun hajiya matar ɗan kasuwa, lalle ya kama ja wur har ya doshi baƙi, ga zobban zinariya biyu a kai. Ga hannun budurwa ɗalibar jami'a, farata dogaye masu sheƙi, tana ɗibar loma da dabara don kada miya ta shige ƙarƙashinsu. Ga kuma hannun matar da ke tuyar ƙuli-ƙuli, farcen gajere ne, bakinsa ya ɗan tsattsage, a kan biyu daga cikin yatsun akwai ragowar jan farcen da aka shafa shekaranjiya, rabinsa ya riga ya ɓare. Kafin a cinye kwanon an gama yi wa kowace mazauni.

Abin da ake karantawa a wannan wuri shi ne aikin da hannu yake yi. Farce mai tsawo wanda fentinsa bai taɓu ba yana sanar da cewa mai shi ba ta daka, ba ta wanki da omo, ba ta jan bido daga bakin famfo, wato akwai wani hannun da ke yi mata. Wannan fassara ta daɗe a duniya. A fadar ƙasar Sin manyan mata sun riƙa tara farata har sai an ƙera musu kube na zinariya ko azurfa, kuma hotunan sarauniya Cixi, wadda ta rasu a 1908, suna nuna ta da irin waɗannan kube a yatsunta. Jan farce na kwalba kuwa bai kai wannan tsufa ba: kamfanin Cutex na Amurka ya fitar da na ruwa a 1917, aka kafa Revlon a 1932, kuma sinadarin da ke daskarewa ya zama fatar fentin, naitiroselulos, shi ne wanda aka yi amfani da shi a fentin motoci na wancan zamani. Mu da ya iso mana muka raɗa masa suna da launinsa na farko, shi ya sa har yau ko kore ne ko shuɗi, jan farce muke cewa.

Shawarata ga ƴar'uwa mai karanta wannan ita ce ta zaɓi adon da zai zauna a hannunta yadda rayuwarta take, domin a wurin biki jan farcen da ya ɓare ya fi farcen da ba a shafa wa komai ba tona asiri.

Fara da lissafin ruwa

Kafin ki sayi komai, ki ƙirga sau nawa hannunki yake shiga ruwa daga asuba zuwa kwanciya, kuma wane irin ruwa. Farce yana shan ruwa ya ɗan kumbura, in ya bushe ya koma, shi kuwa fenti ba ya bin sa a wannan kai da komo, sai ya fara dagowa daga baki. Omo da jabel, wato ruwan bilic, suna ƙara gaggauta abin. Matar da ke wanke-wanke sau uku a yini, ta surfa gero, ta dama fura, ta wanke kayan yara, da wuya jan farce na kwalba ya yi mata kwana uku bai zube ba, ko da na tsada ne. Wadda ke zaune a ofis ko a aji, tana da ƴar aiki a gida, za ta iya kai mako guda da shafi ɗaya. Saboda haka idan kin ga na wata ya daɗe naki ya lalace, kada ki yi saurin ɗora laifin a kan kwalbarki.

Ƙarancin ruwa a garin nan tsohon zance ne, har yana cikin dalilan da ake bayarwa na mayar da babban birnin ƙasa zuwa Yamai a 1926, kuma har yanzu a watannin bazara gidaje da yawa a Birni da Zango da Garin Malam da ga-ruwa suke dogara, ko kuma mata da yara su ɗauki bido su fita nema. Hannun da ke riƙe mariƙin bido mai lita 25 ba ya zama da dogon farce: ko ya karye, ko ya dago daga naman, wanda ya fi karyewa ciwo. Idan wannan ce rayuwarki, ki yanke farcen daidai da kan yatsa, ki wuce kai tsaye zuwa maganar lalle.

Akwai kuma ayyukan da ƙa'idarsu ta riga ta yanke miki hukunci. Jagorar tsaftar hannu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 ta hana ma'aikatan da ke taɓa marasa lafiya sanya farcen roba, ta kuma ce tsawon bakin farce kada ya wuce rabin santimita. Ungozoma da malamar asibiti sun san wannan. Mai sayar da fura da nono, ko dambu, ko kwaɗon zogale, ya dace ta riƙe wa kanta wannan ƙa'ida ko ba wanda ya sa ta, domin fentin da ya ɓare daga farcenta cikin abincin mutane yake faɗawa.

Sai lissafin alwala

Wannan shi ne ya bambanta al'adar jan farce a nan da ta Faransa ko Amurka, kuma shi ne masu tallar kayan kwalliya ba sa ambata. A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan Damagaram, wajibi ne ruwa ya game gaɓar da ake wankewa, a kuma cuɗa ta, farce kuwa yana cikin hannu. Jan farce yana da jiki, yana zama shamaki tsakanin ruwa da farce, don haka alwala ko wankan tsarki da aka yi a kansa bai cika ba. Lalle kuwa launi ne kawai da ya shiga farcen, bayan an wanke ƙullun babu abin da ya rage da zai tare ruwa. Wadda ta yi alwala sannan ta shafa jan farce za ta iya salla da wannan alwalar, amma da ta warware sai ta goge kafin ta sake wata.

Daga nan ne al'adar da kowa ya sani ta fito, ta shafa jan farce a kwanakin fashin salla. Hanya ce mai kyau, sai dai ki sani cewa tana da baki: surukarki da ƙannen mijinki da maƙwabta duk sun iya wannan lissafi, kuma mace mai jin nauyi ba kullum take son hannunta ya yi shelar abin da bakinta ba zai faɗa ba. Idan kin bi wannan hanya, ki tanadi abin gogewa tun ranar da kika shafa, ki goge tas kafin wankan tsarki, har kusurwoyin da fenti ke maƙalewa a gefen farce. Wasu matan aure kan shafa bayan lisha su goge kafin asuba. Yin haka jefi-jefi ba laifi, amma a kowane dare sinadarin gogewa zai busar da farcen har ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa.

Za ki iya cin karo da kwalaben da aka rubuta musu cewa ruwa yana ratsa su, har wasu da tambarin halal. Sun yi suna tun wajen 2013, lokacin da wani samfurin kamfanin Inglot na ƙasar Polan ya karɓu a wurin mata musulmi. Malamai sun saɓa a kansu, kuma gwajin da ake nunawa a bidiyo, inda ake ɗiga ruwa a kan fentin da aka shafa wa takarda, ba ya nuna abin da ke faruwa a kan farce mai shafi biyu a ɗan lokacin da alwala ke ɗauka. Ni dai ba zan jingina sallata a kan rubutun jikin kwalba ba. Ki kai wa malamin da kika amince da shi tambayar kafin ki kashe kuɗi.

Lalle a farce

An daɗe ana yi wa lalle kallon adon tsofaffi da mutanen karkara, amma ki lura da hannun manyan matan gari ranar salla ko ranar ɗaurin aure: lalle ne a kai. Shi kaɗai ne adon da hajiya da ƴar aikinta suke tarayya a cikinsa, bambancin yana wajen kyan zane da wadda aka kira ta yi shi. A cikin ganyen akwai wani sinadari mai suna lawson wanda ke haɗuwa da abin da aka gina farce da shi, don haka ba ya gogewa, sai dai farcen ya tsiro ya tura shi gaba. Farcen hannu yana tsirowa kimanin milimita 3 a wata, kuma yana ɗaukar wajen wata shida kafin ya sabunta gaba ɗaya. Na ƙafa yakan kai shekara ko fiye. Shi ya sa tsofaffi in sun kama hannun amarya suka ga faɗin farin da ya fito a gindin farcen, sukan faɗi watanninta a ɗaki ba su tambaya ba.

Ki sami garin lalle sabo mai launin kore, domin wanda ya koma ruwan ƙasa ya tsufa, ba zai kama ba. Ki tankaɗe shi da ƙyalle mai laushi, ki kwaɓa da ruwa da ɗan lemun tsami har ya yi kaurin da ba zai zuba daga cokali ba, ki rufe ki bar shi wasu sa'o'i ya saki launi. Ki wanke hannu da sabulu, kada ki shafa mai, domin mai yana hana shi kamawa. Idan farcen kaɗai kike so ya yi ja ban da kan yatsa, ki zagaye fatar da salatif ko ki shafa mata ɗan bazilin a hankali. Ki ɗora ƙullun da kauri, ki ɗaure da leda, ki bar shi sa'o'i huɗu zuwa shida, ko ki kwana da shi kamar yadda iyayenmu suke yi. In kin kwance ki kankare shi, ki shafa man kaɗe, ki jinkirta taɓa sabulu gwargwadon iko. Launin yakan fito kamar ruwan goro da farko, sai ya yi duhu cikin kwana biyu, don haka idan bikin ranar Asabar ne, daren Laraba ko Alhamis ya kamata a yi ƙunshin.

Baƙin lalle na dayis wani abu ne daban. Yawancinsa yana ɗauke da sinadarin rinin gashi da ake kira PPD, wanda ke sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa, wani lokaci zanen ya koma tabo, kuma jikin da ya taɓa ƙin sa yakan ci gaba da ƙin sa har abada. Idan ya taɓa yi miki haka ko sau ɗaya, ki bar shi. Jarirai kuwa ko jan lallen ma kada a ƙunsa musu, domin yana iya fasa ƙwayoyin jinin yaron da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD, kuma ba a gane mai wannan larura da ido.

Idan jan farcen za ki shafa

Kayan kwalliyar da ke kan teburan kasuwar Dole da na shagunan cikin gari galibi ta hanyar Kano suke shigowa, kuma a cikinsu akwai nagari akwai na jabu, wani lokaci da suna iri ɗaya. Ki ɗaga kwalbar ki karkata ta: idan fentin yana tafiya da nauyi kamar zuma, ko ya rabu gida biyu bai haɗu ba bayan kin murza, ya tsufa ko ya sha rana. Ki duba ko akwai jerin sinadarai a jiki, da ɗan hoton gwangwani buɗaɗɗe mai lamba kamar 12M ko 24M, wato adadin watannin da zai yi bayan an buɗe shi. Sinadarai uku da aka fi yi wa ƙorafi su ne toluwin da fomaldihaid da DBP, na ƙarshen nan kuwa Tarayyar Turai ta fitar da shi daga kayan kwalliya tun 2004. Kwalbar da ba ta da rubutun komai sai suna da hoton fure, ki ajiye wa mai ita. Idan kuɗinki kaɗan ne, launi ɗaya mai kyau da kwalbar farin fenti mai garai-garai sun fi launi shida na araha, domin farin shi zai zame miki shimfiɗa da kuma murfi.

Wajen launi, ki yi la'akari da hannunki. Ja mai duhu da baƙi suna nuna ɓarewa tun daga nesa, su ne launin wadda ba ta aiki. Ruwan hoda mai haske ko launin da ya yi kusa da na farce yana rufa asiri, ko bakinsa ya ɗan zube ba mai lura.

Ki zaɓi lokacin da kika gama aikin yini, cikin ɗaki mai iska amma ba a gaban fanka ba, musamman da hunturu, lokacin da ƙura ke sauka a kan ɗanyen fenti ta mayar da shi kamar an barbaɗa gari. Ki nisanci murhu da gas da kaskon turaren wuta, domin jan farce da abin goge shi duk suna kama wuta nan take. Wannan gargaɗi ya fi shafar ɗakin amarya, inda za ki tarar ana turara ta a wannan kusurwa, ƙawaye suna goge farce a waccan.

Ki yanke farcen, ki goge bakinsa da magogi ta fuska ɗaya, domin kai da komo irin na zarto yana tsaga shi. Fatar da ke gindin farce ki tura ta baya a hankali bayan ta jiƙa, kada ki yanke ta da reza, ita ce ke tare datti, kuma yanke ta yakan jawo kumburi da mugunya. Ki wanke hannu, ki jira ya bushe sarai, sannan ki bi kowane farce da auduga mai ɗan abin gogewa don cire maiƙo. Ki murza kwalbar tsakanin tafukanki maimakon girgizawa, saboda girgiza tana sa kumfa. Ki fara da farin shafi siriri, wanda zai hana ja rina miki farce ya koma rawaya. Sai launin: ki share burushin a bakin kwalba, ki ja sau ɗaya a tsakiya daga gindi zuwa baki, sau ɗaya a dama, sau ɗaya a hagu, ki bar ɗan siririn fili tsakanin fenti da fata. Ki jira minti biyu ko uku ki maimaita. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, domin fentin yana bushewa ne ta hanyar tashin ruwan sinadarin da ke cikinsa, mai kauri kuwa samansa yakan bushe ƙasansa yana ɗanye, sai ki wayi gari da zanen zanin gado a farcenki. Ki rufe da farin, ki ɗan shafa shi a ƙarshen bakin farcen inda ɓarewa ke farawa. Bayan minti goma sha biyar zai daina manne wa yatsa, amma ki ba shi sa'a guda kafin ki ɗaura zane ko ki sa hannu a jaka.

Zafin Afrilu da Mayu, da kan haura digiri 40, yana kashe kwalba da wuri. Ki goge bakinta, ki ɗaure murfin tam, ki ajiye ta a inuwa mai sanyi, gindin randa ma ya isa in babu firigo, amma inda hannun yara ba ya kai. Idan ya yi kauri kada ki tsiyaya masa abin gogewa kamar yadda ake yi, zai saki na yini ɗaya sannan ya mutu gaba ɗaya. Wajen gogewa, ki jiƙa auduga da ruwan goge jan farce, wato asiton ko disolban, ki danna ta a kan farcen na ɗan lokaci sannan ki ja zuwa baki, ki wanke hannu ki shafa man kaɗe. Kankarewa da haƙori ko reza tana tafiya da saman farcen. Fetur da wasu ke amfani da shi in sun rasa abin gogewa ba na jikin mutum ba ne.

Jel, wani nau'in fentin farce, da farcen roba su ne a yanzu alamar cewa mace ta waye kuma tana da abin hannu, kuma su ne suka fi tsada ta kowace fuska. Jel ba ya bushewa sai an sa hannu a ƙarƙashin fitila ta musamman, yana kai mako biyu zuwa uku, cire shi kuma sai an jiƙa shi da asiton na minti goma zuwa goma sha biyar. Ga mai salla, wannan lissafi bai dace da kwanakin fashinta ba, za ta biya kuɗin mako uku ta ci moriyar kwana biyar ko shida. Idan kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ana tsakiyar aiki, kada ki yarda a sallame ki da jel da bai gama daskarewa ba, domin ɗanyensa a kan fata ne ke haddasa ƙaiƙayin da kan zame wa mutum larura. Farcen roba da ya fara dagowa kuwa yana tara ruwa a ƙarƙashinsa, har farcen ainihi ya yi kore. In kin ga haka ki cire shi, kada ki ƙara masa gam. Kuma duk wadda za a yi wa tiyata ko ta kusa haihuwa ta je asibiti da farce fili, domin ƴar na'urar da ake maƙala wa yatsa don auna iskar jini da haske take aiki, fenti mai duhu yana iya rikita ta.

Ko a shagon gyara za a yi miki, ko mai yankan farce na yawo kika kira, ki tafi da almakashinki da rezarki da magoginki. Ciwon hanta nau'in B yana bin ɗigon jinin da ido ba ya gani, kuma ba ya tambayar ko kujerar shagon mai laushi ce. A hadisin da Muslim ya ruwaito daga Anas, an iyakance cewa kada a bar farce ya wuce kwana arba'in ba a yanke ba, kuma mata da yawa sun mayar da yankan na ranar Juma'a, wanda ya fi sauƙin tunawa.

Idan biki ya taso miki ba shiri, farcen ya tsattsage, ga ragowar tsohon fenti, kuma babu lokacin ƙunshi, ki goge ragowar tas, ki daidaita bakin farcen, ki jiƙa hannun a ruwan ɗumi na minti biyar, ki cire dattin ƙarƙashi da tsinke mai laushi, ki murza man kaɗe a kowane farce har ya yi sheƙi, sannan ki sa zobenki ki tafi.